Motata ba ta kai wata 8 a hannuna ba, in sayar in sayi wata ko in haƙura?

Manomin Fadama, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ya ruwa ya ayyuka. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar mota ciki da waje, saboda maganar nan ta kwana biyu tana cina a rai, na kasa tsayar da magana ɗaya.

A watan Janairu Allah ya hore min na sayi Toyota Camry 2018, Beljiyom ce, ni na fara ɗaura mata lamba a ƙasar nan, kuma wallahi duk wanda ya shiga cewa yake sabuwa ce dal, don lokacin da na karɓe ta mita bai kai mil dubu 40 ba, fentinta na kamfani ne ko ina, kujeru babu tabo ko ɗaya, esi kuwa sai ka rage shi. Kuɗin shinkafar shekara biyu na tara na haɗa da kuɗin tsohuwar Corolla 2005 da na sayar, ban ci bashin kowa ba alhamdulillah. Ba zan faɗi nawa na saye ta ba amma kun san yadda kasuwa take yanzu, ba ƙananan kuɗi ba ne a wurin mutum irina.

Matsalar ita ce gona. Ni ma'aikaci ne amma rabin rayuwata a fadama take, gonata tana bayan Kalgo ta hanyar Bunza, in ka sauka daga kwalta akwai kamar kilomita 4 da za ka yi cikin yashi da laka kafin ka isa. Da rani ina lallaɓawa in shiga, a hankali a hankali, amma tun da ruwa ya sauka tarakta da amalanke suka haƙe hanyar ta zama rami biyu da tudu a tsakiya, ita kuma motar nan cikinta a ƙasa yake. Ranar Talatar da ta wuce na sa buhu huɗu na yuriya a but, ga yaron gona a gaba, muna zuwa wajen wani kwazazzabo sai na ji ƙurrrr a ƙarƙashina, ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Na fito na duƙa sai ga robar nan da ke rufe ƙasan inji ta yage tana jan ƙasa, da igiyar buhu muka ɗaure ta, ga tayar gaba ta nutse, sai da samari biyar suka bar aikinsu suka turo mu. Na dawo gida da magariba laka har kan kafet, na zauna cikin motar na fi minti goma ban fito ba, tausayin motar nake ji da tausayin guminna.

To ga kuma ɗaya ɓangaren. Ina da mata da yara huɗu, ga Hajiya mahaifiyata da nake kaiwa Sakkwato ganin likita duk wata saboda ciwon baya da gwiwa. A tsohuwar Corolla kafin mu kai Argungu ta fara cewa a tsaya ta miƙe, amma a wannan barci take tun daga Argungu har mu shiga gari. Wannan kaɗai yana sa in ji ba na son rabuwa da ita.

Yanzu abin da ke gabana uku ne. Wani dillali ya kawo mai saye amma abin da ya taya ya gaza abin da na saya da miliyan uku, na ce albarka. Wani kuma yana da Hilux 2012 mai fetur, ya ce mu yi musaya in ba shi Camry in cika masa miliyan ɗaya, ya ce mitarta dubu 90 kacal. Sai wani abokin aikina da ke cewa in bar maganar Hilux in nemi RAV4 2015 ko Highlander 2012 tunda su suna da tsawo kuma iyali za su sake. Ni dai kaina ya ɗaure. In na ci gaba da shiga fadama da ita na san kashe ta zan yi, in na sayar kuma asarar miliyan uku cikin wata bakwai ba wasa ba ne, kuɗin takin noman rani ne gaba ɗaya da man injin ban ruwa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali don Allah ya faɗa min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba. Na gode.

Bakaniken Jega:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi kyauta gaba. Ni bakanike na, na kusa shekara ashirin cikin wagga sana'a kuma Toyota ita munka fi taɓawa nan garejinmu, to bari in hwaɗa maka abin da na sani.

Kahin komi, kahin ka yi maganar sayarwa ko musaya, kai motar a ɗaga ta bisa rami a duba cikinta da tocila. Robar da ta yage ba komi ba ta, ana samun ta kuma ba ta da tsada, abin da za ka duba shi na kaskon bakin mai ko ya loɓa ko shina tsattsafo, da salansa, da ƙarhen da ke riƙe lagireto daga ƙasa. In waɗanga lahiya suke to motarka ba ta yi komi ba, tsoro kawai ta ba ka.

Sannan maganar tsawo, nan ne mutane ka yin kuskure don ido suka amfani da shi ba awo ba. Camry 2018 tsakanin cikinta da ƙasa bai kai inci 6 ba, 5.7 ne, wato santimita 14 da rabi, in ka ɗora buhu huɗu na taki kilo 200 ke nan a but, sai ta ƙara zama. To ita RAV4 da abokinka ya ce, wadda anka yi daga 2013 zuwa 2018, inci 6 ta da ɗan ɗoriya, bambancinsu bai kai faɗin yatsa biyu ba. Jikinta ne ya yi sama, cikinta bai yi ba. Wallahi na sha ganin wanda ya sayar da mota mai kyau ya sayi wagga RAV4 don hanyar ƙauye, ya dawo muna da salansa a hannu. Wadda ta gabace ta, 2006 zuwa 2012, ta fi ta tsawo, sai kuma ta 2019 zuwa sama wadda ta haura inci 8 amma ita kuɗɗinta sun hi na Camry ɗinka. Highlander 2012 tana da inci 8, wanga gaskiya ne, kuma iyali za su sake, amma mafi yawansu inji V6 ne 3.5, kuma da yawa cikin waɗanda ka zowa daga Amurka tayun gaba kaɗai ka ja, in ba ka duƙa ka ga shaf ɗin da ya tahi baya ba to kada wani ya ce maka fowil ce, wato mai ja da tayu huɗu. Mai jan gaba kaɗai in ta shiga lakar fadama nutsewa za ta yi kamar Camry, sai dai ita ta hi nauyin turi.

Mai kuma, kai da ke zuwa Sakkwato duk wata ka lissafa. Birnin Kebbi zuwa Sakkwato da dawowa kamar kilomita 300 ne, wagga Camry taka mai inji 2.5 da giya takwas in ba ka taka ta da yawa ba lita 22 zuwa 25 sun kai ka sun maido ka da esi kunne. Hilux mai fetur 2.7 sai ka shirya kusan lita 40 a wagga tahiya, Highlander ma ba ta da nisa da haka. Da can da lita ba ta kai naira 200 ba babu mai wanga lissahi, amma tun da anka cire tallahi ranar 29 ga Mayu 2023 har lita ta zo ta haura dubu a ƙarshen 2024, kowa ya koyi lissahi dole.

Ita kuwa Hilux ɗin da anka yi maka tayi, injinta jarumi ne ban musa ba, shina jure wahala kuma kayansa ko nan Jega akwai su. Amma Hilux 2012 'yar gida da za a ce mitarta dubu 90, Alhaji ka yi hattara. Mafi yawan waɗanga motoci na kamfanonin hanya ne ko na ma'aikatu ko na rakiya, sun ci duniya sun ƙoshi, kuma mayar da mita baya yanzu aikin minti goma ne ga mai kwamfuta. Kada ka dubi mita, dubi robar birki da ta kulochi yadda sunka suɗe, dubi sitiyari inda hannu ka kamawa, ja bel ɗin direba har ƙarshe ka ga ko ya yi laushi ya yi gashi, hau bisa ka duba rufin ko akwai hujin da anka toshe inda anka taɓa ɗaura jiniya ko eriya. Kuma bayanta sifirin ne na ƙarhe don kaya anka yi ta, in babu kaya a baya tsalle takai, ga kujerar baya a miƙe. Tsohuwa mai ciwon baya ba za ta gode maka ba.

Wasu za su ce ka sa mata sifesa a ɗaga ta. Ina sa ma mutane in sun matsa amma ni ban so, don in anka ɗaga da yawa shaf shina aiki a karkace, robobinsa su riƙa yagewa, shokazoba ta mutu da wuri, kuma ranar da za ka sayar mai saye in ya gani zai san ta sha daji. Inci ɗayan da za ka samu ba shi hana ka nutsewa cikin laka.

Ni dai ban ce ka sayar ba ban ce ka riƙe ba, amma wagga Hilux kada ka miƙa makulli sai bakaniken da kai ka kawo ya kwana da ita.

Dillali BK:

Salam Alhaji. Ni dillalin motoci ne, wataƙila ma mun taɓa haɗuwa, kuma zan faɗi abin da wasu abokan sana'ata ba za su so ba. Miliyan ukun nan da kake gani ba wai motarka ta lalace ba ne, kuɗin lamba ne. Ranar da ka ɗaura mata lambar Najeriya ranar ta tashi daga Beljiyom ta koma 'yar gida, ko da kwana ɗaya ka hau ta, kuma mai saye zai ce da in ba da kuɗin nan gara in je Kano ko Kaduna ko Legas in ɗauko wadda ba a taɓa hawa a nan ba. Wannan asarar ka riga ka yi ta tun Janairu, ko ka sayar yau ko ka bari. Abin da ya rage shi ne kada ka ƙara wata a kanta.

Kuma musaya ita ce hanyar da ta fi saurin ƙara ta. Duk mai cewa kawo taka ga tawa ka cika min, sau biyu yake cinka, ya sa ma taka kuɗin 'yar gida ya sa ma tasa kuɗin da ya ga dama, kai kuma da yake ba ka ga kuɗi a hannu ba sai ka ga kamar miliyan ɗaya kawai ka fitar. Ka tambaye shi nawa zai sayar maka da Hilux ɗin in tsabar kuɗi za ka ba shi, sannan ka tura wani daban wanda bai sani ba ya je ya taya, za ka ji farashi biyu. Musaya ba haramun ba ce, amma ka raba cinikin biyu kowanne da kuɗinsa sai ka ga inda ka tsaya. Sannan ka sa la'ada a lissafi, ta sayarwa da ta saye, da kuɗin canjin suna da sabunta takardu da inshora wadda tun Janairun 2023 ta tashi daga dubu 5 ta koma dubu 15, sai kuma gyaran da babu makawa za ka yi ma duk motar da ka ɗauko, taya ko batir ko ƙafafu, ban taɓa ganin 'yar gida da ba ta nemi wani abu a watan farko ba.

Na san abin da ke ruɗar mutane. Wanda ya sayi mota a farkon 2023 ya sayar a 2024 ya ga riba, saboda a Yunin 2023 aka saki naira, dalar gwamnati da take wajen 460 ta tashi har ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kuɗin kwastan ma ya bi ta, duk motar da ke ƙasa ta yi tsada tana ajiye. Mutane suka ɗauka mota kadara ce kamar fili. To ko a lokacin ma wanda ya sayar in ya je sayen wata sai ya tarar ita ma ta tashi, ribar ta takarda ce kawai. Kai ka saya bayan tashin ya riga ya faru, saboda haka kada ka zauna jiran irin wancan.

In ka ƙudura sayarwa to ba yanzu ba. Watan Agusta kowa kuɗinsa na cikin gona, masu kuɗin garin nan manoman shinkafa ne da 'yan albasar Aliero da 'yan kasuwar Jega, duk yanzu fitarwa suke ba shigarwa ba, shi ya sa wanda ya taya maka ya taya da ƙarfin hali don ya san babu mai ja da shi. Ka bari a yi girbi, Nuwamba zuwa Janairu, lokacin za ka ga mutum uku suna neman mota ɗaya. Kuma ka guji lokacin da ake rufe biyan kuɗin Hajji, don lokacin masu sayarwa sun fi masu saye yawa.

Maganar takardu ita ce ta ƙarshe amma ta fi duka. Mu nan muna bakin iyaka, ga Kamba ga ɓangaren Bagudo, kuma tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, amma har yau akwai motocin Kwatano da ke biyo daji a yi musu takardar kwastan ta bogi. Mota irin wannan za ka yi shekara kana hawa cikin gari lafiya, ranar da ka nufi Kontagora ko Abuja a tare ka a hanya a karɓe. Duk wadda za ka saya ka ɗauki takardar da lambar shasi, haruffa 17 ne, ka je ofishin kwastan da ƙafarka a duba maka, zuwa da kai ya fi aike. In kai ne mai sayarwa kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna kafin mota ta bar hannunka da lambarka, kuma kada ka saki makulli don an nuna maka alat a waya, ka buɗe asusunka ka ga kuɗi da idonka. Kuma ka faɗa wa mai saye cewa ta taɓa bugun ƙasa, ko da roba ce kawai, ɓoye aibi yana cire albarkar ciniki.

Ɗan Mafara:

Malam ni ra'ayina daban, ka sayar. Na hwaɗi haka ne don abin da ya same ni. Ina noma nan wajen Bakolori, na sayi Honda Accord mai tsabta kamar taka, ranar farko da ta bugi ƙasa na yi rantsuwa ba ta ƙara shiga gona, amma wace rantsuwa, ranar da yaro ya kira ka ya ce ruwa ya fasa kunya ko shanu sun shiga, ba ka tsayawa neman babur, makullin da ke aljihunka shi za ka ɗauka. Damina biyu na yi da ita haka, ƙafafun gaba sau uku ana canzawa, bamba ta tsage, ƙasan ƙofofi duk ya karce, esi ya mutu don ƙura ta toshe shi, da na zo sayarwa ko rabin kuɗina ban gani ba. Da na sayar tun tana sheƙi da asarar ba ta kai haka ba. Kai ka san halinka, in ka san ba za ka iya hana kanka shiga da ita ba to asarar miliyan uku yau ta fi asarar miliyan goma baɗi sauƙi.

Amma ban da Hilux. Ban san yadda ɓangarenku yake ba sosai amma mu nan Zamfara mutum mai hankali ba ya son motar da za a hango daga nesa a ce ga babban mutum ko ga jami'i, kuma ku ma ba ko ina ne lahiya lau ba. Manomi ya shiga ƙauye ya hito ba wanda ya waiwaye shi, shi ne kwanciyar hankali.

Abin da na yi daga baya, kuma da shi zan ba ka shawara, kuɗin mota ɗaya na raba biyu. Na sayi Corolla 2010 ta iyali, na sayi tsohuwar a kori kura ta gona wadda ko ta karce ba ni jin komi, taki da iri da injin ban ruwa da 'yan aiki duk ita ka ɗauka, har haya nake ba da ita ranar kasuwa tana ciyar da kanta. Kuɗin Camry 2018 sun isa su yi maka wanga har ka ga canji. Corolla ba ta kai Camry laushi ba, gaskiya ne, amma ta 2010 ba irin ta 2005 ɗin da ka sani ba ce.

Uwargida Argungu:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan kula da ita. Ni ban san inji ba amma na ga irin wannan a gidana, shi ya sa na kasa wucewa.

Na karanta duk abin da ka rubuta, kilomita 4 ne fa kawai ke damunka. Duk sauran rayuwarka, zuwa ofis, kai yara makaranta, asibitin Sakkwato, zumunci, duk a kan kwalta suke kuma motar tana yi maka su yadda kake so. Ka ɗauki biro ka rubuta sau nawa kake shiga gona a wata, kuma cikin wata goma sha biyu wata nawa ne hanyar ba ta biyuwa, ina jin ba su wuce Yuli da Agusta da Satumba ba. Saboda wata uku za ka ɗora wa kanka motar da za ta riƙa shan mai wata goma sha biyu, kuma ka yi tunanin yadda Hajiya za ta hau Hilux da wannan gwiwar, sai an sa mata kujera an tallabe ta a bakin asibiti gaban mutane, tsofaffinmu ba sa son haka ko ba su faɗa ba.

Maigidana ya sayar da motarmu mai kyau ya sayi babba saboda gona, bai shawarci kowa a gidan ba sai ganinta muka yi a ƙofar gida. Wata biyu ba a yi ba ya fara ajiye ta yana hawa babur zuwa aiki saboda mai, mu kuma muka koma shiga Keke Napep da yara, ga mota a tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol kaji suna kwana a ƙarƙashi. Ba don ya kasa ba ne, lissafin ne bai yi ba tun farko, kuma shi kansa ya fi kowa jin zafin abin.

Me zai hana ka sayi babur, Boxer ko makamancinsa, ka ajiye shi a ƙauyen da ke bakin kwalta wurin wani amintacce, in ka zo ka bar motar a inuwa ka hau babur ka shiga. Taki kuma ai ba kullum ake kai shi ba, ranar da za a kai ka ɗauki amalanke ko keken kaya ka biya, su da ma aikinsu ke nan kuma ka taimaki wani. Kuɗin babur da hayar shekara duk ba za su kai miliyan ukun nan ba. Maganar Malam na Mafara gaskiya ce cewa mutum yakan kasa haƙuri ranar gaggawa, amma in babur na jiranka a bakin hanya ai shi ya ma fi motar saurin kai ka.

Kuma don Allah ka zauna da maman yara ka ji ta bakinta, ita ma motar nan tata ce, ta san abin da aka ƙuntata a gida kafin a tara kuɗin. Ka yi istihara kuma kada ka bari dillali ya sa maka wa'adi.

Manomin Fadama, Birnin Kebbi:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, wallahi kowannenku ya buɗe min ido ta wani ɓangare. Ga inda aka kwana.

Jiya na kai ta an ɗaga, kaskon bakin mai lafiya lau, salansa ce kawai ta ɗan loɓa a tsakiya amma ba ta huje ba, an sa sabuwar roba. Daga nan na ɗauki bakanikena muka je ganin Hilux, na yi yadda Oga na Jega ya ce, na hau na duba rufi sai ga huji uku an cike da foti an shafa fenti, robar kulochi ta suɗe har ƙarfe ya fito, bel kuwa kamar tsohon zani. Da na tambayi takardar kwastan sai aka miƙo min fotokwafi aka ce asalin yana wurin wani a Kaduna. Na yi musu godiya muka taho, wannan maganar ta mutu.

Hajiya ta Argungu na yi lissafin da kika ce, sau shida zuwa takwas nake shiga a wata, kuma da na yi wa maman yara maganar sai ta ce ita tun ranar da na dawo da laka take son ta ce min in sayi babur amma ta ga raina a ɓace ta yi shiru. Ranar Asabar zan je in ga wani dattijo da muke sallar Juma'a tare a ƙauyen bakin hanyar, yana da zaure da fili a ƙofar gida, in ya yarda a nan zan riƙa ajiyewa. Amma ɗan'uwa na Mafara maganarka ba ta bar raina ba, don halin da ka faɗa nawa ne sak, kuma a kori kurar nan tana min amfani a kai saboda jigilar shinkafa lokacin girbi da nake biyan kuɗi masu yawa. Zan gwada babur daga yanzu zuwa Nuwamba, in na kama kaina na sake shiga da Camry ko sau ɗaya to zan nemi Dillali mu yi magana lokacin da ya ce kasuwa na buɗewa.

Oga na Jega tambaya ɗaya ta ƙarshe, wancan watan na je juyen bakin mai a wani wuri suka zuba min mai kaurin nan 20W-50 suka ce shi ya dace da zafin garinmu, amma jiya na lura a murfin inji an rubuta 0W-16, wato marar kauri, akwai matsala?

Bakaniken Jega:

Akwai hwa Alhaji, wanga ya hi bugun ƙasan da ka yi hatsari. Wanga inji hanyoyin mansa sirara na, mai kauri ba shi kaiwa sama da wuri in ka tada ta da sahe, kuma shina wahal da na'urar da ke sarrafa bawul. Kada ka jira lokacin juye ya yi, gobe ka je a zubar da shi a canza filta, in ba ka samu 0W-16 ba ka sa 0W-20 na kirki, ka saye da kanka wurin da ka yarda da shi ka duba hatimin galan ɗin bai taɓa buɗuwa ba, kuma ka tsaya a zuba gabanka.